Damtsen Inna Kuluwa

A ɗakin sama, can ƙarshen Layin Lumb a Bradford,
inda ruwa ke ƙwanƙwasa taga tun asuba bai gaji ba,
na shimfiɗa Inna Kuluwa kan farar takarda
tana koya wa yara iyo.

Na zana ta yadda Mai Sama ya gina ta:
damtse kamar turmi, wuya mai ninki biyu,
tabon lamba a kafaɗar hagu,
da wushiryar nan da dariyarta ke bi ta fito.

Kwana uku, saƙo ya dawo daga Landan.
Madam Pritchard, mai ladabi, mai jan biro:
zanen ya yi kyau ƙwarai, in ji ta,
sai dai a ɗan rage nan, a ɗan matse can,
malamar iyo ce,
ya kamata ta yi kama da lafiya.

Kama da lafiya!
Matar da ke tsallake tafki sau arba'in
kafin ta karya kumallo.

Amma kuɗin haya ba ya jin zance.
Na ɗauki kilina, na fara sassaƙe ta.
Garin roba na zuba kan tebur, baƙi-baƙi kamar dusa,
ina hure shi,
ina hure naman ƙanwar uwata.

Na san mai jiki a littattafan nan.
Ita ce a bayan tukunya,
ita kujera ke karyewa da ita,
ita ke maƙalewa a ƙofa yara na tafi.
Ba wanda ya rubuta a raina ta.
Bakin fensir ne ke raɗawa,
yaro kuwa kunnensa a ido yake.

Ba zan ce gida ya fi ba.
A Funtuwa ni ce sillan kara,
ana tambayar uwata ko rowar tuwo take min,
a allon shagon tela an zana mata masu ƙugu kamar tulu,
ina wucewa ina cusa tsumma a zane.
Can awo, nan awo,
mudun ne kawai aka sauya.

Sai ga takun Rumaisa a kan bene,
shekara tara, safa ɗaya a ƙafa,
da aikin makaranta: kowa ya zana kansa.
Ta miƙo min wata yarinya da ban haifa ba,
gashi ya zubo har baya, hanci kamar tsinke,
tsakiyarta layi biyu ne da suka kusa haɗewa.

Mama, ta ce, na cire cikin
don kada ya ɓata hoton.

Na buɗe baki in tambayi wanda ya koya mata.
Kilina na hannuna.
Na rufe bakin.

Na jawo mata kujera kusa da tawa,
na nemo sawun tsohon layin da bai gama gogewa ba,
na bi shi a hankali, kamar mai bin ɓatacciyar akuya,
har damtsen ya dawo gida,
har wuyan ya sake ninkuwa.
Na ba ta fensir mai launin ƙasa:
cika min nan, kada ki ji tsoron ƙetare layi.
Ta cika, harshe a waje,
ta ƙara da tabon lamba, ko da yake a kafaɗar dama ta sa shi.
Na bar shi haka.

Na aika. Yau kwana tara, Landan shiru.
Nata hoton yana nan jikin firij, bai samu ciki ba tukuna.

Asabar muka je tafki.
Inna Kuluwa ta tsaya a baki cikin shuɗiyar rigarta,
ta ja numfashi, ta faɗa gaba ɗayanta.
Rumaisa na kallo.
Ruwan bai ce a rage ba.
Matsawa ya yi, ya ba ta wuri.